Motar Tsere A Gareji, Mai Naƙuda A Kan Babur

A watan Janairun 2019, a garin Scottsdale da ke Jihar Arizona ta ƙasar Amurka, kamfanin gwanjon motoci na Barrett-Jackson ya sa wata mota a kasuwa. Ita ce Toyota GR Supra ta farko da ta fito daga masana'anta bayan kamfanin Toyota ya farfaɗo da wannan suna da ya jingine tun 2002. Kuɗin irinta a wurin dillali bai wuce dala 50,000 da 'yan kai ba, amma da masu hannu da shuni suka shiga tayi, ba a sallama ta ba sai a kan dala miliyan 2.1. An raba kuɗin tsakanin ƙungiyar yaƙi da ciwon zuciya ta Amurka da Gidauniyar Bob Woodruff, mai tallafa wa sojojin da suka dawo daga fagen fama da raunuka. Shekara uku kafin nan, a wannan dandali, attajirin nan Rick Hendrick ya sayi Acura NSX ta farko a sabon zubinta, ƙirar kamfanin Honda, a kan dala miliyan 1.2, kuɗin kuma suka tafi ga wata gidauniya mai kula da yara masu ƙari a ƙwaƙwalwa da wani sansanin yara a Jihar Jojiya.

Mai karatu na iya cewa ina ruwan biri da gada, me ya haɗa mutumin Ƙanƙara ko Faskari ko Sabuwa da cinikin attajiran Amurka? Abin da ya haɗa su shi ne mota. A can, mota guda ta zama kuɗin magani ga mutane masu yawa. A nan kuwa, rashin mota a daidai lokacin da ake buƙatarta yana cikin abubuwan da ke cin rayuka, alhali wasu daga cikin 'ya'yan wannan yanki suna da motocin da suka shekara a lulluɓe da tamfol a Abuja da Kaduna da Katsina. Wannan giɓi nake so mu duba a makon nan.

Ruwa ba ya tsami banza, don haka mu fara da dalilin tsadar waɗannan motoci. Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000, kamfanonin Japan sun ƙera wasu motocin gudu da suka zame wa masoyansu abin tinƙaho: Toyota Supra, da Honda NSX, da Mazda RX-7, da Nissan Skyline GT-R. Samfurin Skyline GT-R da ake kira R34 an ƙera shi ne daga 1999 zuwa 2002, kuma duka waɗanda aka yi ba su kai 12,000 ba. Yaran da suka tashi suna ganin waɗannan motoci a finafinai da wasannin kwamfuta su ne manya masu kuɗi a yau, ga shi motocin kullum raguwa suke yi. Ƙari a kan haka, dokar Amurka ba ta barin a shigar da motar da ba a ƙera ta bisa ƙa'idojin ƙasar ba sai ta cika shekara 25, saboda haka sai a 2024 aka fara samun damar shigar da R34, abin da ya ƙara wa farashinta wuta. A 2021 an sayar da Supra ɗin da marigayi ɗan fim Paul Walker ya tuƙa a kan dala 550,000, a 2023 kuma kamfanin Bonhams ya sayar da Skyline ɗin da ya tuƙa a wani fim ɗin a kan fiye da dala miliyan 1.3.

To, a ɗauko wannan Skyline a kawo ta Sabuwa a ce an ba marayu, me za su yi da ita? Cikinta a ƙasa yake, ramin farko a hanyar ƙauye zai tsayar da ita. Bakaniken da ya san injinta sai an tona, kayan gyaranta sai an yi odarsu daga ƙetare. Sitiyarinta a dama yake, Nijeriya kuwa tun watan Afrilun 1972 ta koma tuƙi a hannun dama, kuma dokokin hanya sun hana amfani da mota mai sitiyari a dama. Ke nan darajarta kaf tana cikin zuciyar mai sha'awarta ne, kuma ba ta amfanar talaka sai an kai ta inda masu sha'awar suke, an sayar, an juya kuɗin zuwa abin da talakan yake buƙata. Masu gwanjon Scottsdale sun gane wannan. Ba su miƙa wa mai ciwon zuciya makullin mota ba, sun bar attajirai sun yi gasar nuna isa a tsakaninsu, ribar gasar ta faɗa hannun marasa lafiya.

Kada a ɗauka cewa komai na can tsaf yake. Amurka ta daɗe da al'adar bai wa ƙungiyoyin agaji tsofaffin motoci, domin mai bayarwa yana samun ragin haraji. A 2003 ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin ƙasar ya bi sawun irin waɗannan motoci guda 54, ya gano cewa a kashi biyu bisa uku daga cikinsu, abin da ya isa hannun ƙungiyoyin bai wuce kashi 5 cikin 100 na darajar da masu kyautar suka rubuta a takardun harajinsu ba. Masu kyautar sun zuzuta farashi, dillalai da masu jan mota da masu talla sun yanki rabonsu, aka bar ƙungiyoyin da suna. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Wannan ya sa aka gyara doka, daga 2005 ragin harajin ya koma bisa ainihin kuɗin da aka sayar da motar a mafi yawan lokuta. Darasin da ke ciki ya shafe mu kai tsaye: ma'aunin kyauta shi ne abin da ya isa hannun mabuƙaci, komai girman adadin da aka faɗa a lasifika.

Mu dawo gida. Bahaushe ba baƙon kyautar abin hawa ba ne. A da sarki kan ba da doki da sirdinsa, a yau mota ta gaji doki. Ana ba mawaƙi mota don ya yi waƙa mai daɗi, ana ba ɗan fim, ana ba mai yaɗa manufa a Facebook, ana ba jagoran siyasa na mazaɓa idan zaɓe ya ƙarato, ana ba amarya a cikin lefe. Ba na ƙyashin kowa, dukiyar mutum tasa ce. Abin lura kawai shi ne akasarin wannan kyauta tana bin inda za ta dawo da yabo ko ƙuri'a. Matar da naƙuda ta kama da tsakar dare a wani ƙauye na Faskari ba ta da kalangu, ba ta da mabiya a intanet, shi ya sa layin bai cika zuwa kanta ba.

Kowa ya san halin da waɗannan ƙananan hukumomi uku suka shiga a shekarun nan. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa na iyaka da Jihar Kaduna ta wajen Birnin Gwari, dazuzzukan da ke tsakani kuma suka zama mafakar 'yan bindiga. A watan Yunin 2020 an kashe mutane da dama a Kadisau ta Faskari. A daren 11 ga Disamban wannan shekara aka kwashe ɗaliban Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara, aka sako 344 bayan kwana shida. A watan Yunin 2024 garin 'Yargoje ya ga nasa tashin hankalin. Matakan da gwamnati ta ɗauka don daƙile maharan su ma sun taɓa talaka. A 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta rufe hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme ga motocin haya, ta hana sayar da fetur a jarka, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Ko a yanzu da ake da dakarun tsaron al'umma da Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a watan Oktoban 2023, da sulhun da wasu ƙananan hukumomi suka shiga a 2025, direba yakan yi tunani sau biyu kafin ya ɗauki hanyar ƙauye bayan magariba.

Ana ƙirga waɗanda harsashi ya kashe, jaridu su buga. Waɗanda hanya ta kashe kuwa ba su shiga lissafi. Masana lafiyar mata sun daɗe da bayanin cewa jinkiri iri uku ne ke kashe mai haihuwa: jinkirin yanke shawarar zuwa asibiti, da jinkirin isa can, da jinkirin samun kulawa bayan an isa. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace lafiyayya cikin awa biyu idan ba a tsayar da shi ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna cewa a 2020 mata kusan 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, fiye da kashi ɗaya bisa huɗu na duk irin wannan mutuwa a duniya. A yankin da ma'aikatan lafiya da yawa suka ƙaurace wa ƙauyuka saboda tsoro, jinkiri na biyu shi ne babban dodo. Mai jijjiga ko mai zubar jini, da wanda aka harba a gona, da yaron da maciji ya sara, duk sai an nemi babur, a sa mutum a tsakiya wani ya tallabe shi ta baya, a nufi Funtua ko Malumfashi, idan abin ya fi ƙarfinsu a wuce Shika ko Katsina. Da yawa a kan hanya rai ke yin halinsa.

Mai saurin yanke hukunci zai ce magani a bayyane yake, attajiri ya saya wa kowane asibiti motar ɗaukar marasa lafiya. An sha yin haka. Duk wanda ke yawo a asibitocin karkara ya san ƙarshen labarin: mota fara mai ɗauke da hoton wanda ya bayar, tayoyinta sun sace, an ɗora ta a kan duwatsu, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Ranar biki an yanka kirtani an yi tafi, amma ba wanda ya tanadi kuɗin mai da na taya da albashin direba. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000 a wurare da yawa. Inda motar ke tashi ma, dangin majiyyaci ake cewa su zuba mai, mutumin da ya sayar da akuyarsa ta ƙarshe wajen biyan kuɗin fansa. Sannan sabuwar mota mai ƙyalli a hanyar daji tana jan idon da ba a so.

Wannan matsala ta girmi mota. Malamanmu suna karantar da ƙissar Sayyidina Umar, wadda ta zo a Muwaɗɗa da Bukhari, lokacin da ya ba wani mutum doki saboda Allah, mutumin ya kasa kula da shi har dokin ya lalace. Umar ya so ya saye shi da araha, Manzon Allah (SAW) ya hana shi komawa kan sadakarsa. Hukuncin da ake cirowa a nan na malamai ne, amma ko almajiri ya ga abu guda a fili: abin hawa yana da ciki, wanda aka ba shi ba tare da harawa ba an ɗora masa nauyi ne. Umar ɗin nan kuma shi ne ya samu fili mai daraja a Khaibara, ya nemi shawara, aka nuna masa ya tsare asalin filin ya yi sadaka da amfaninsa. Daga nan aka samo tushen waƙafi, wanda mutanen Kano ke kira hubusi. Haka kuma ƙissar Abu Ɗalha, wanda ya ba da gonar Bairuha, mafi soyuwar dukiyarsa a gare shi, aka shawarce shi ya sanya ta cikin makusantansa. Idan aka haɗa ƙissoshin uku, hanya ta fito: ka ba da abin da kake so, ka fara da mutanenka, ka kuma ba da shi ta siffar da zai ci gaba da ciyar da kansa.

Akwai kuma gwajin da aka taɓa yi a wannan jiha tamu, wanda bai kamata a manta da shi ba. A ƙarƙashin shirin lafiyar mata da yara na PRRINN-MNCH, wanda Birtaniya da Norway suka ɗauki nauyinsa a Katsina da Zamfara da Jigawa da Yobe, an haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW aka kafa tsarin jigilar gaggawa. An horar da direbobin haya na sa-kai yadda ake ɗaukar mace mai naƙuda, aka ba al'umma lambobin wayarsu, wanda ya kai mace asibiti kuma a saka masa da ba shi lodi a tasha ba tare da ya bi layi ba. Hikimar tsarin ita ce bai dogara da sabuwar mota ba. Ya dogara da motar da take nan a garin, da direban da ya san kowane kwazazzabo, ya san kuma hanyar da ba a bi idan rana ta faɗi. Motar Japan da mutumin Sabuwa ya sani ita ce 'yar ƙurƙura da Hijet da tsohuwar Hiace, waɗanda bakaniken bakin tasha ke kwance injinsu ya ɗaura kafin la'asar. Raunin irin wannan tsari shi ne kuɗin mai, da kuma abin da ke biyo baya idan masu ba da tallafi daga waje suka naɗe tabarmarsu. Wannan rami shi ne daidai wurin da motar da ke barci a gareji za ta cike.

Ga shawarata. Ƙungiyoyin ci gaban Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, waɗanda dama mazaɓar tarayya guda suke, su haɗu su kafa asusun waƙafi na jigilar marasa lafiya, su yi masa rajista, su nemi Hukumar Zakka da Waƙafi ta Jihar Katsina ta zama mai sa ido. Sau ɗaya a shekara a shirya gwanjo a Abuja ko Kaduna, inda masu saye suke. Ba sai mutum yana da Supra ko Skyline ba, Land Cruiser da Lexus da Marsandi da aka daina hawa sun wadatar, haka ma motar da saurayi ke wasan tsere da ita a ranar biki. Kowace mota a tabbatar da takardunta na kwastan da na mallaka, masani mai zaman kansa ya ƙiyasta kuɗinta, a yi tayi a bainar jama'a, a bayyana abin da aka sayar da ita da abin da aka kashe wajen sayarwar. Kuɗin kada a taɓa uwarsu. A sayi shaguna ko rumbunan ajiyar hatsi a Funtua ko Ɗandume, inda haya ba ta yankewa, abin da suke kawowa duk wata shi za a riƙa biyan man direbobin sa-kai da shi, da gyaran motocinsu, da katin waya, da ɗan ihsani ga ungozomar da ta raka majiyyaciya. Duk wata uku a liƙa lissafi a ƙofar fadar hakimi da babban masallaci: mutum nawa aka ɗauka, daga ina zuwa ina, nawa aka kashe.

Na san za a yi ƙorafi, kuma wasu ƙorafe-ƙorafen suna da nauyi. Na farko, za a ce gwanjo a bainar jama'a ƙofar riya ce. Gaskiya ne zuciya abar tsoro ce, amma addini bai hana bayyana sadaka ba, musamman idan bayyanawar za ta zaburar da wasu, kuma wanda ya fi son sirri yana iya ba da motarsa a ɓoye sunansa. Abin da ba za a ɓoye ba shi ne kuɗin, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Na biyu, za a ce wannan aikin gwamnati ne. Haka ne, tsaron hanya da asibiti mai ma'aikata haƙƙi ne da ke wuyan hukuma, kuma wannan fili ba zai daina tuna mata ba. Sai dai mai zubar jini ba za ta jira kasafin kuɗin baɗi ba, kuma lissafin da asusun zai riƙa fitarwa shi kansa hujja ce da za a riƙa tunkarar hukuma da ita. Na uku, za a ce ɓarayin dukiyar jama'a za su wanke sunansu da mota guda, 'yan siyasa kuma su mayar da abin dandalin kamfen. Maganin wannan a rubuta shi cikin ƙa'idar asusun tun ranar farko: ba hoton kowa a jikin mota, ba tutar jam'iyya a wurin gwanjo, ba mai riƙe da muƙamin siyasa a cikin amintattu, kuma motar da ake shari'a a kanta ba a karɓa.

Ƙorafi na huɗu shi ne mafi zafi, wato amana. Mutanenmu sun sha ganin an kafa gidauniya an tara miliyoyi, daga nan shiru kake ji. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya yi tsalle. Saboda haka kada a fara da girma. A ɗauki gunduma guda a kowace ƙaramar hukuma, da direbobi kaɗan da jama'a suka yarda da su, a yi shekara guda ana fitar da lissafi. Idan mutane suka ga matar wane ta tsira saboda mota ta zo a kan lokaci, ba sai an yi musu dogon wa'azi ba, gani ya kori ji.

Kira na ƙarshe ga ɗan wannan yanki da Allah ya buɗa wa. Motar nan da ke bayan gidanka, wadda kake biyan yaro yana wanke ta duk mako ba tare da ta taka titi ba, kullum batirinta mutuwa yake yi, robobinta na bushewa, kuma ba kamar Skyline ba, darajarta raguwa take yi. Ranar da aka ɗauke ka, magada za su yi jayayya a kanta, a ƙarshe dillali ya saye ta da arahar banza. Yau kuwa tana hannunka, kana iya mayar da ita shago biyu ko uku da za su riƙa zuba mai a tankin 'yar ƙurƙura shekara da shekaru bayan babu kai. Ƙauyen da aka binne mahaifarka yana nan inda ka bar shi, kuma a daren yau ma akwai wadda za a ɗora a kan babur.

Allah ya kawo mana ƙarshen wannan fitina, ya ba masu shi ikon bayarwa, ya ba waɗanda aka damƙa wa amana ikon riƙewa. Sai mako mai zuwa, idan mai kowa mai komai ya kai mu.